Shekarar da na so hana Baba tafiya shuka

Shekarun baya, bayan na ajiye aikin ofis don na gaji da rusuna wa oga, na buɗe lambun sayar da dashe a gefen titi, wajen Durumi, kusa da wani ɗan rafi da ba ya ƙafewa. Wanda ya san Abuja ya san irin waɗannan lambunan: furanni jere cikin baƙaƙen ledoji, ciyawar shimfiɗawa a tsakar gida, sai dashen itatuwan marmari. Abin da na sani game da shuka a lokacin bai wuce cewa tana son ruwa ba. Taƙamata ita ce na iya riƙe mutane, don a sashen kula da ma'aikata na yi duk zamana na ofis, kuma ban taɓa kawowa a raina akwai ma'aikacin da zai gagare ni ba.

Ma'aikatana bakwai ne, duk 'yan ƙauye ɗaya daga can arewa kusa da iyaka. Wani dattijo ne ya kawo su, shi ne kuma babbansu. Kowa Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu. Sauran shidan ban ruwa suke yi da cika leda da cire ciyawa, amma Baba aikinsa daban ne, shi ke yi wa itatuwa aure. Zai ɗauki ɗan mangwaron da aka tsirar daga ƙwallo, ya tsaga kansa, ya yanko reshe daga bishiya mai kyawun iri, ya fiƙe shi, ya cusa a tsagar, ya naɗe da zaren leda. Da ido za ka ce wasa ne. Na gwada sau da yawa a ɓoye, nawa duk suka bushe, nasa kuwa da wuya ka ga wanda bai kama ba. Yana da wata 'yar wuƙa da ba ya yarda a yanka ko igiya da ita. Maganar gaskiya, furannin ado ne kawai, mangwaro da lemon Baba su ne suke riƙe da lambun.

Maƙwabciyata a wurin wata mata ce 'yar Gbagyi, ta daɗe a sana'ar. Tun farko ta leƙo ta kalli mutanena ta ce, "Madam, wannan mutanenka duka gari ɗaya ne? In ruwa ya zo zai gudu fa. Duka." Na yi murmushi irin na wadda ta yi boko, na ce mata ai ya danganta da yadda ka riƙe ma'aikaci.

Ruwan Abuja ya sauka da wuri kamar yadda ya saba, babu wanda ya motsa. Aka yi wata guda ana ruwa, aka shiga na biyu, suna nan. Har na fara tausaya wa maƙwabciyata a zuci. Abin da ban gane ba shi ne, sararin samaniyar Abuja nake kallo, su kuwa na garinsu suke saurare. Wata safiya ina zuwa na tarar da su tsaye sun yi wanka, kowa da jakarsa a ƙafa. An bugo wa Baba waya, an yi ruwan shuka a gida. Suka yi mini godiya, suka nemi gafara, kafin azahar babu ko ɗaya.

Damina ita ce kasuwar mai lambu. Lokacin ne kowa yake tuna yana son ciyawa a gidansa, lokacin ne kuma auren bishiya ya fi kamawa. Na je mahaɗar da leburori suke zama da safe da shebur da diga, na kwaso huɗu. Mutanen kirki ne, amma masu haƙa rami ne. Rana ɗaya na tafi sayo taki, na dawo na tarar sun share mini layi biyu na wani fure mai tsada, suna jiran yabo don sun ɗauka ciyawa ce. Haka na yi ta lallaɓawa har kaka. Bayan girbi sai ga mutanena sun dawo, sun rame sun yi baƙi, da tsarabar gero da wake da kuka. Suka ɗauki butocin ban ruwa kamar jiya suka ajiye.

A ranin nan na ce dole in yi wa abin tsari. Har wani taro na halarta a otal, na kwana biyu, kan yadda ake riƙe ƙwararrun ma'aikata a lokacin da suke wuyar samu. An sha shayi, an nuna zane-zane a bango, na cika littafi da rubutu. Na dawo da abin da na ɗauka magani ne: ma'aikaci yana tafiya ne don bai ga makoma ba, to a nuna masa makoma. Na buga wa kowa takardar ɗauka aiki ta dindindin. Na yi musu katin shaida da hoto, na ɗinka musu koren kaya masu sunan lambun a baya, na ƙara albashi, na kama musu ɗaki mai siminti maimakon rumfar da suke kwana. A ƙasan takardar na sa sharaɗi ɗaya, cewa aikin na wata goma sha biyu ne.

Dalilin da ya sa na matsa shi ne, a daidai lokacin wani abokin maigidana ya haɗa ni da wani mutum da ya sayi babbar gona a Yangoji, yana son ya mayar da ita lambun mangwaro. Ya ce in kawo masa dashe mai aure da zai cika gonar kafin ruwa ya ɗauke. Ban taɓa samun aiki mai girman wannan ba. Na ba shi kalmata a gaban abokin maigidan nawa, na ce ya je ya haƙa ramukansa. Aikin kuwa gaba ɗaya a kan hannu ɗaya ya rataya, kuma sai a tsakiyar damina za a yi mafi yawansa.

Na tara su a ƙarƙashin rumfa na karanta musu takardar da Hausa, layi-layi. Suka saurara da ladabi. Baba ya ce, "To, Hajiya. Mun gode. Allah ya kai mu." Ya dangwala yatsa, sauran suka bi. Na koma gida ina ba maigidana labari da fara'a. Ya ɗago daga kan tuwonsa ya ce, "Ya ce miki zai zauna?" Na ce ai ya sa hannu. Ya ce, "Ba shi na tambaye ki ba." Na ce masa shi matsalarsa bai yarda da tsari ba, ya ce haka ne, ya ci gaba da cin abincinsa.

Yanzu na san mutum irin Baba ba zai dubi idon wadda yake ci a hannunta, a gaban jama'a, ya ce mata a'a ba. Takardar a wurinsa wani abu ne da Hajiya take so, kuma dangwala yatsa ba ya ciwo. Ni ce na tambaye shi a inda ba shi da hanyar ba ni amsa.

Ruwan garinsu ya ɗan makara a shekarar, har na fara cewa shi ke nan. Baba yana ta aiki ba ɗaga kai, tun safe har la'asar yana tsugune da 'yar wuƙarsa. Daga baya na gane sauri yake yi ya rage mini abin da zai iya. Bai kai rabi ba wayar ta zo.

Wannan karon shi kaɗai ya zo wurina, sauran suna nesa da jakunkunansu. Ya ninke koren kayan ya ajiye a kan benci, katin a sama. Ya ce, "Hajiya, an yi ruwa."

Na ce, "Baba, ka sa hannu fa."

Ya ce, "Na sa."

Raina ya ɓaci sosai, amma na danne, na yi abin da na ɗauka hankali ne. Na ce ya faɗa mini abin da gonar take ba shi a shekara, gero da dawa da wake, ni zan saya masa a kasuwa, in ninka, in sa a mota a kai har ƙofar gidansa. Sauran su tafi, shi kaɗai nake so ya zauna. A raina na gama magana, don ban ga ta inda mai hankali zai ƙi ba.

Ya ce, "Hajiya, ai gero ko a kasuwar Karu akwai shi. Ba don gero nake tafiya ba."

Na ce to don me?

Ya ce, "A wurinmu ba a barin gona ta kwana damina babu shuka. In ban je ba, ba za ta zauna tana jirana ba. Za a ba wani aro, kuma ba laifi aka yi ba, don ba a kallon ƙasa tana zaune mutane suna jin yunwa. Bana aro ne. Baɗi ma a ce ai wane yana Abuja, a bar masa. Shekara ta uku in kin tambayi yaro gonar wa ce wannan, sunan wancan zai kira. Babu takarda a tsakaninmu, Hajiya. Wanda aka gani a ciki da fartanya shi ne mai ita. Na ga waɗanda abin ya faru da su, suna nan garin nan suna gadi."

Na ce ai ga aiki na dindindin na ba shi, ga ɗaki.

Ya ce, "Allah ya saka da alheri. Amma idon nan da nake tsaga reshe da shi ba na dindindin ba ne. Ranar da ya daina gani, me zan yi miki a nan?"

Maganar tasa ta ƙara tunzura ni. Na tuna mutumin Yangoji da ramukansa, na tuna kunyar da zan sha. Sai na ce masa, in ya sa ƙafa ya tafi, kada ya dawo mini. Magana zarar bunu ce, ina faɗa na ji ta fita.

Ya ce, "To." Sannan ya ƙara da cewa, "Da tun da rani kin tambaye ni wa zai riƙe miki wurin nan in mun tafi, da na gaya miki. Akwai mutanen bakin kogi, masu noman albasa. Su da rani suke noma. Damina na yi ruwa yake cinye fadamarsu, su zauna babu abin yi har ya janye. Akwai babbansu a kasuwar Karu, layin 'yan albasa, ki ce ni na turo ki." Ya yi mini sallama ya tafi.

Mako biyu na yi ban je ba, saboda girman kai kawai. Na nemi mai auren bishiya a duk lambunan da na sani, kowa yana riƙe da nasa kamar ƙwai. Wani ya zo da takardar shaidar makarantar aikin gona, ya yi mini bayani mai daɗi, ya yi hamsin, uku suka kama. Da na ga uwar bari na shiga mota na tafi Karu. Mai albasar yana jin wanda ya turo ni ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Cikin kwana huɗu mutum biyar suka iso. Ba sai na nuna musu bambancin shuka da ciyawa ba, kuma a harkar ban ruwa sun fi mutanen Baba, don rayuwarsu ke nan. Lambun ya tsira a hannunsu. Aure ne dai babu wanda ya iya a cikinsu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Da lokaci ya yi na ɗauki abin da Baba ya bari na kai Yangoji da kaina. Mai gonar ya zagaya da ni ya nuna mini ramukan da ya haƙa, layi bayan layi, fiye da rabi babu abin sawa, ruwa ya taru a ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Madam, ke ce kika ce in haƙa. Ni ban tilasta ki ba." Na ce haka ne, na ba shi haƙuri. Ya karɓi waɗanda na kawo, sauran ya ba wani. Bai sake kirana ba, abokin maigidana ma ya daɗe yana gaishe ni a taƙaice. Na ji kunya ƙwarai, kuma har yau in na bi hanyar nan ba na son kallon wajen gonar.

Bayan girbi shidan suka dawo, Baba bai zo ba. Na tambaya, suka yi ta kame-kame, sai ɗayansu ya ce ai tare suka shigo gari, yana Karu yana tura baron rake. Na yi kwana uku ina gaya wa kaina ai shi ya karya alkawari. Maƙwabciyata ce ta gaji da ni ta ce, "Madam, je ka kawo tsohonka. Fushi ba ya yi wa mangwaro aure."

Na same shi a bakin tasha yana fere rake, da wata wuƙa daban, ba tasa ta aiki ba. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida da yadda damina ta yi. Ya ce alhamdu lillahi. Na ce, "Baba, ka shigo gari shi ne ba ka zo ba?"

Ya ce, "Ke kika ce kada in dawo, Hajiya. Wuri naki ne."

Na ce, "Na janye. Ni na yi kuskure, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Ba komai. Ni ma da na faɗa miki tun ranar takarda." Ya miƙa mini rake guda, ya ce bari ya sayar da na baron nan, jibi zai zo.

Da ya dawo ban buga wata takarda ba. Na zauna da shi a kan benci, mu biyu, na tambaye shi yadda yake ganin za a yi. Ya ce mutanen fadama su riƙa zuwa da wuri, su biyu ko uku, da zarar sun kwashe albasa, kafin ruwan garinsu Baba ya sauka, don a sami 'yan makonni ana tare. A nan zai nuna musu. Na ce dama zai yarda ya koya wa wani? Ni na ɗauka sirri ne yake ɓoyewa, saboda yadda yake hana a taɓa wuƙar. Ya ce, "Wuƙa ce ba a taɓawa, don in ta dakushe reshe ba ya kamawa. Aikin kuwa ba wanda ya taɓa cewa in koya masa." Shekara biyu muna tare, ina da littafi cike da dabarun riƙe ƙwararru, ban taɓa yi masa wannan tambayar ba.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Shekarar farko sun ɓata dashe da yawa, Baba yana zaune a gefe ba ya karɓar wuƙa daga hannun kowa, sai dai ya ce, "Sake." Ɗaya ya gaji ya bari. Biyu suka iya, ɗayansu ma yanzu hannunsa ya kusa na Baba, ko da yake ban taɓa faɗa a gaban Baban ba. Ni ma na zauna na koya, kuma ana iya cewa nawa suna kamawa in an yi mini adalci.

Haka lambun yake tafiya har yau. Ma'aikatana kashi biyu ne, na rani da na damina, kowane kashi da gonarsa da lokacin da take kiransa, kuma ba na riƙe kowa. Wani lokaci masu irin sana'ata suna tambayata yadda na yi na daina rasa ma'aikata. In na ce musu ban daina ba, kowace shekara sau biyu suke tafiya, sai su ɗauka wasa nake yi. Abin da na koya bai da yawa. Na shigo da tunanin cewa ma'aikaci nagari shi ne wanda ba shi da wurin zuwa sai wurina, kuma duk alherin da na yi musu a waccan shekarar, da kayan da ɗakin da ƙarin albashin, wannan tunanin ne a ƙarƙashinsa.

Baba ya yi shekara shida yana zuwa yana komawa, bai taɓa kwana damina ɗaya a Abuja ba. A ta bakwai mutanensa suka dawo bayan girbi babu shi. Suka ce idon ne, yanar ido ta rufe ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. Na sa aka kawo shi asibiti aka duba, aka yi abin da za a iya, amma aikin tsaga reshe ya ƙare. Na ce ya zauna ko kwana kaɗan ya huta, ya ce a'a, akwai ƙaiƙayin da ba a gama sheƙewa ba. Da kaina na kai shi tasha.

Muna waya jefi-jefi. 'Ya'yansa ne suke noman yanzu, shi kuma da safe a kama hannunsa a kai shi bakin gonar ya zauna, duk wanda ya wuce ya gaishe shi da mai gona. Ba na jin wani abu mai zafi in na tuna, lamarin ya wuce tuntuni. Sai dai wani lokaci ina lissafa shekarun, in ga cewa da ya karɓi tayina a waccan safiyar, da yanzu shekara ta uku ta daɗe da wucewa. Da yana nan Durumi a ɗakin simintin da na kama masa, da katin shaida a aljihu, ba ya gani, ni kuma ban san inda zan kai shi ba.